Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu shirya mana fina-finan jami'an farin kaya

Zuwa ga marubuta da daraktoci da furodusoshin fina-finan Hausa masu dogon zango, musamman waɗanda suka fara karkata ga labaran tsaro da ta'addanci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ba ku san ni ba, kuma ban taɓa taka wurin ɗaukar fim ba. Malamin sakandare ne ni a nan Bauchi, na ajiye alli shekarun baya. Sai dai daga 2003 zuwa 2014 na riƙe gidan kallo a unguwarmu, rumfar kwano da benci goma sha biyu da talabijin biyu da wani janareto mai taurin kai. Ranar da babu ƙwallo, fim muke sawa. Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a bakin ƙofa ina karɓar kuɗin shiga, na ba talabijin baya, fuskata na kallon 'yan kallo. Ku kun san abin da kuke ɗauka. Ni na san abin da yake yi wa fuskar yaro ɗan shekara goma sha bakwai. Da wannan nake roƙon ku ara mini kunnenku.

A 'yan shekarun nan na lura da wani baƙo da ya fara yawaita a fina-finanku. Labari zai taso da soyayya ko rigimar gado, da an shiga zango na biyu sai ga shi ya diro: baƙar kwat ko da a zafin watan Afrilu ne, baƙin gilashi ko da dare ne, waya maƙale a kunne. Jami'in farin kaya ke nan. Ba ya sallama, ba ya dariya, ba ya kuskure. Can sai a nuna mana ɗaki mai duhu, ƙwan fitila ɗaya na lilo, an ɗaure mutum a kujera, ga bokitin ruwa a gefe. Mari biyu, nutsarwa ɗaya, sai ka ji "Yallaɓai zan faɗa." Ya faɗa, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. A ruga a kwance bam saura daƙiƙa uku ya tashi.

Na san inda kuka samo wannan ɗakin, don ni na riƙa sayar da shi naira ashirin-ashirin. Shirin Amurka ne mai suna 24, wanda ya fara fita a watan Nuwamba na 2001, wata biyu bayan harin 11 ga Satumba. Kowane zango kwana ɗaya ne, kashi ashirin da huɗu, agogo na bugawa a kan allo. Jaruminsa Jack Bauer ma'aikacin wata hukumar yaƙi da ta'addanci ce da ba ta wanzu ba sai a fim. Da faifansa ya iso Bauchi, har layi ake yi mini. Samari uku a unguwarmu suka laƙaba wa kansu sunansa. Duk lokacin da ya rufe ƙofa da wanda ake zargi, sai rumfa ta ɗauka: "Zai faɗa! Wallahi zai faɗa!" Ba zan ɓoye muku ba, har da ni a masu tafin.

Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne, a can gidansu ma shirin ya tayar da hankalin masu aikin na gaske. A ƙarshen 2006 Birgediya Janar Patrick Finnegan, shugaban sashen karatu a makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point, ya yi takakkiya har Kalifoniya tare da wasu ƙwararrun masu yi wa fursunoni tambayoyi, don ya roƙi masu shirin su rage azabtarwar da suke nunawa. Dalilinsa shi ne ɗalibansa sun fara ɗaukar abin a matsayin darasi. A watan Disamba na 2014 kuma kwamitin majalisar dattawan Amurka ya fitar da rahotonsa kan azabar da hukumar leƙen asirin ƙasar, CIA, ta gana wa fursunoni, ya ce hanyar ba ta kasance ingantacciya wajen samo bayanai ba, kuma wasu fursunonin ƙarya suka riƙa shirgawa don a sarara musu. Wannan kam ko malamin makaranta ya sani. Ka ɗaga wa yaro bulala, zai amsa satar biron da bai taɓa gani ba, har ya haɗa da sunan abokinsa.

Akwai wani labari da nake so ku riƙe. Ali Soufan jami'in hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ne, haifaffen Lebanon, mai jin Larabci. Kwanaki kaɗan bayan harin Satumba ya zauna da Abu Jandal, tsohon mai gadin Usama bin Laden, a wani kurkuku a Yaman. Mutumin ya ƙi sakin jiki. Soufan ya lura ba ya taɓa biskit ɗin da ake kawowa da shayi, ya bincika ya gano yana da ciwon suga. Zama na gaba sai ya zo masa da wanda ba shi da suga. Daga nan hira ta soma buɗewa, har ta kai ga mutumin ya tantance hotunan wasu daga cikin maharan. Ku gaya mini tsakani da Allah, wannan fitowar ba ta fi bokitin ruwa daɗin kallo ba? Sai dai ta fi wuyar rubutawa, shi ya sa ake gudun ta.

Mu a Bauchi ba a talabijin muka koyi wannan magana ba. A nan aka fara. Ranar Lahadi 26 ga Yuli 2009 aka kai hari ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi, kafin wutar ta tsallaka Yobe da Kano da Maiduguri, inda aka kashe shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda bayan kwana huɗu. Ranar 7 ga Satumba 2010, ana cikin azumi, aka fasa gidan yarin Bauchi da ke daf da fadar Sarki, fursunoni fiye da 700 suka fice. Ranar da aka rantsar da Shugaba Jonathan a 2011 bam ya tashi a kasuwar barikin Shadawanka. A 2013 aka sace ma'aikatan kamfanin gine-gine bakwai 'yan ƙasashen waje a Jama'are. Azare ta sha nata a ƙarshen 2014. Ranar 22 ga Disamba na wannan shekarar, tashar Dukku a Gombe da babbar kasuwar Bauchi rana ɗaya suka kama. A jajiberin ƙaramar salla ta 2015 mutane na cefane a kasuwar Gombe aka tayar musu da bama-bamai biyu. Ni kaina na rufe gidan kallona ne a Yunin 2014, bayan an kai wa masu kallon gasar cin kofin duniya hari a Damaturu. Na sayar da bencina ga wata makarantar Islamiyya.

Don haka kada wani ya ɗauka ina jin tausayin masu dasa bam. Na yi jana'izar da ta ishe ni. Abin da ya sa na ɗauki biro wani mutum ne da ban taɓa ganin sa a fim ɗinku ba, ko sau ɗaya.

Tela ne, maƙwabcina, shagonsa na jingine da katangar rumfata. Wani dare a 2012 wasu mutane cikin kayan gida suka zo da mota marar lamba, ba su ce ga daga inda suke ba, suka tafi da shi daga shi sai singileti. Matarsa na da ciki wata shida. Da safe ni da wansa muka fara zagaye. Duk ofishin da muka je, amsa ɗaya ce: ba ya wajenmu. Mun je asibiti, mun leƙa har ɗakin ajiye gawa. Mahaifiyarsa ta sayar da akuyoyinta ta ba wani da ya ce ya san wani, kuɗin suka bi ruwa. Wata goma sha huɗu ba mu san ko yana raye ba. Aka yi suna ba ya nan, aka raɗa wa yaron sunansa, kamar yadda ake yi wa wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Wata ranar Alhamis sai ga shi a bayan acaɓa, ya rame kamar kara, kunnensa na hagu ya daina ji. Ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. Laifinsa kuwa, lambar wayarsa aka gani a wayar wani da aka kama, wani da ya taɓa kawo masa ɗinkin kaftani biyu, yana ta kiran sa yana cewa salla ta matso. Ya ce mini a kwana na uku ya amsa duk abin da aka tambaye shi, har da abin da bai fahimta ba.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Abin da ya biyo baya ne. Ya buɗe shago, babu mai kawo ɗinki. A masallaci sahu ya riƙa buɗewa a gefensa. Kuma maganar da na riƙa ji a bakin samarin nan nawa, waɗanda suka yi shekaru a kan bencina, ita ce: "Malam, ruwa ba ya tsami banza. Waɗannan mutanen ba sa kama mutum haka kawai." Na tambayi ɗaya daga cikinsu, a ina ka san haka? Ya yi shiru. Ni na san a ina. A rumfata ya koya, naira ashirin-ashirin. A duk abin da na taɓa haska musu, ba a taɓa ɗaure marar laifi a kujerar nan aka bar shi a haka ba. In ma an yi kuskure, kafin kashi ya ƙare an wuce wurin, agogo na bugawa, ba wanda ya koma ya ga matarsa.

Ku duba alƙaluman da gwamnati ta fitar da kanta. A watan Oktoba na 2017 aka fara shari'ar waɗanda ake tsare da su bisa zargin Boko Haram a barikin soja na Kainji, a Jihar Neja. A zaman farko an yanke wa mutum 45 hukunci, an sallami 468 saboda babu abin da za a tuhume su da shi. Da yawansu sun shafe shekaru a tsare. Kowane ɗaya a cikinsu yana da uwa, yana da unguwa, yana da sahun da zai koma. Labari 468 ke nan zube a ƙasa, ku kuma kuna can kuna aron kwat ɗin Jack Bauer.

Wani abin da fina-finanku suka share gaba ɗaya shi ne kotu. Daga kamu sai duka, daga duka sai "an gama da shi". Alhali sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Ko dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022, duk da tsaurinta, sai hukuma ta je ta nemi izinin alƙali kafin ta riƙe mutum kwana 60. Dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya gana wa wani azaba. Wato jaruminku mai bokitin ruwa, a dokar Najeriya, mai laifi ne, kuma furucin da ya tatso lauya zai iya rushe shi a gaban alƙali, mai laifin gaske ya fita yana murmushi. Na san ba kullum ake bin waɗannan dokoki ba, labarin telana ya ishe ni shaida. Amma ranar da muka fita neman sa, ni da na yi shekara talatin ina koyarwa ban san ko wannan sashe na kundin tsarin mulki ba. Da wani fim ya taɓa nuna mini lauya tsaye yana karanta sashen nan, da na san ƙofar da zan fara bugawa.

Sai maganar kamannin mugu. Da an ce ɗan ta'adda a fim, an san abin da mai kwalliya zai ɗauko: gemu, ɗangalallen wando, rawani, carbi. Wannan ma aro ne. Turawa sun yi ta yi mana shi har ya ishi mutane. A 2015 masu wani shirin Amurka mai suna Homeland suka ɗauko wasu masu zane su rubuta Larabci a bangon wurin ɗaukar fim don ya yi kama da sansanin 'yan gudun hijira, su kuma suka rubuta cewa shirin na nuna wariya, aka haska shi a haka don babu mai iya karantawa a cikin ma'aikatan. Su baƙi ne, ana iya cewa jahilci ne. Ku fa? Rabin dattawan unguwarku haka suke shiga. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, da aka harbe a masallaci a Kano a 2007, da Sheikh Albani Zariya, da aka kashe a 2014, duk masu gemu ne, kuma sun yi fito-na-fito da aƙidar nan da bakinsu tun kafin wasu su san da ita. A shekarun shingayen bincike na ga ɗalibaina suna aske gemu kafin su hau motar Jos ko Abuja. Kada ku ƙara musu nauyi.

Jami'an su ma kun zalunce su, ko da yake kuna ganin kamar kuna fasa musu kai ne. Hukumar da muke kira DSS an kafa ta ne a 1986, lokacin da Janar Babangida ya rushe hukumar tsaro ta NSO, wadda aka kafa a 1976 bayan kisan Janar Murtala, ya raba ta uku: ta cikin gida, da NIA mai leƙen asirin waje, da DIA ta soja. Aikinta na asali tattara bayanai ne, kuma mafi yawansa zama ne da saurare da rubutu. Wanda ya iya aikin ba ya sa baƙin gilashi, hularsa irin taka ce, yana zaune kusa da kai wajen mai shayi. Kuma suna mutuwa. Ofishinsu na cikin wuraren da aka kai wa hari a Kano ranar 20 ga Janairu 2012. Ku dubi labarin Kabiru Sokoto, wanda aka danganta da harin cocin Madalla na Kirsimetin 2011. 'Yan sanda suka kama shi a Abuja a watan Janairun 2012, ya kuɓuce musu a Abaji, jami'an farin kaya suka bi sawunsa har Mutum Biyu a Jihar Taraba suka sake kama shi a Fabrairu, sai a Disamba 2013 kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Ga kuskure, ga kunya, ga haƙuri, ga jiran hukunci na kusan shekara biyu. Zango uku cur ke nan ga mai son rubutu. Amma in za ku ba da tarihin hukumar, ku haɗa da ranar da jami'anta rufe da fuska suka tare ƙofar Majalisar Tarayya a Agustan 2018, abin da ya sa muƙaddashin shugaban ƙasa Osinbajo ya sallami shugabanta a ranar, da shekara huɗun da Sambo Dasuki ya yi a tsare duk da belin da kotuna suka ba shi. Duka biyun gaskiya ne, kuma hukuma ɗaya ce.

Ina faɗin haka ne don na san wata rana za a zo muku da tayi, in ma ba a riga an zo ba: ga motoci, ga bindigogi, ga izinin ɗauka a wurin da ba a shiga, a nuna mana labarin kafin a fara. Masu yaƙi da ta'addanci sun daɗe da sanin ƙarfin wasan kwaikwayo. Tashar Arewa24 ma da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka aka kafa ta a 2014, kuma ban ga aibu a hakan ba tunda ba a ɓoye ba. Sai dai ku tuna shirin The F.B.I. da aka yi ta nunawa a Amurka daga 1965 zuwa 1974. Ofishin shugaban FBI, J. Edgar Hoover, ne ke duba labarin, yana tantance har 'yan wasan. Kowane mako jama'a na kallon jami'ai tsarkaka, a daidai shekarun da hukumar ke bibiyar jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, Martin Luther King, da naɗar maganganunsa a ɓoye, abin da bai fito fili ba sai daga baya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ga wani abu kuma da ya shafi tsaronmu kai tsaye. Bayanin da ke hana hari yawanci daga bakin talaka yake fitowa: mai gidan haya da ya ga baƙin da ba sa fita sai dare, mai sayar da takin zamani da aka sayi abin da ya wuce na gona, uwar da ta ga ɗanta ya daina cin abincinta yana ce mata kafira. Ita wannan uwar tana kallon fim ɗinku. In abin da ta gani shi ne duk wanda ya shiga hannu sai ɗakin duhu, ba za ta taɓa buɗe baki ba, za ta rufa masa asiri har ya tafi daji. A nan kusa da mu, a Malam Sidi ta Jihar Gombe, akwai sansanin da ake sauya tunanin tubabbun mayaƙa. Mutane da yawa na jin haushin shirin, kuma waɗanda aka kashe wa 'yan uwa suna da hujjar jin haushi. To wannan gardamar ita ce fim. Ku zaunar da wadda aka kashe wa miji da wanda ya dawo daga sansanin a layi ɗaya, rijiya ɗaya, ku ga ko mutane za su tashi daga kallo.

Ban ce ku daina harbe-harbe ba. Na yi kasuwancin, na san abin da ke cika benci. Roƙona ɗaya ne: a cikin kashi goma sha uku na zango, ku ba mu kashi ɗaya da jami'inku zai kama wanda ba shi ba, kuma kyamara ta ƙi bin jami'in, ta tsaya a gidan. Ta ga matar tana bin ofisoshi da goyo. Ta ga ranar suna. Ta ga ranar da ya dawo, da wanda ya fara matsawa a sahu.

Telan yana nan da ransa. Ya bar unguwarmu ya koma wajen dangin matarsa a wani gari kan hanyar Gombe, yana noma, yana ɗinki in salla ta matso. Kafin in rubuta wannan wasiƙar na je na same shi na nemi izininsa. Ya ce in rubuta, amma kada in faɗi sunansa ko garin. Ya ce in akwai marubucin da yake son jin yadda abin yake, zai zauna da shi, sharaɗinsa kawai a zauna ta ɓangaren damansa, kuma a ɗaga murya kaɗan.

Wassalam.

Naku,
Tsohon mai gidan kallo,
Bauchi.